Yadda Na Sauya wa Habboba Kaka

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Juma'a da na zauna a tsakiyar falon mutane a Arba wa Nus, wata unguwar Alƙahira da 'yan Sudan suka cika, na gyara murya, na karanta musu ƙarya daga cikin littafina, alhali gaskiyar tana rubuce a bayan shafin da nake riƙe da shi. Har yau in na ji ƙamshin jabana, wato gahawar 'yan Sudan mai citta, sai zufa ta karyo mini a ƙeya.

A lokacin ina digiri na biyu a fannin tarihi a Alƙahira, ina zaune da ɗalibai 'yan uwana a unguwar Hayyul Ashir. Bincikena a kan Hausawan da suka kama hanyar Makka a ƙasa ne a farkon zamanin Turawa, waɗanda da yawansu suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Na yi wata takwas ina sintiri zuwa wani ɗakin adana tsofaffin takardu, kuma wata takwas ɗin nan sun isa su kumbura mini kai. Na koma mutumin da ba ya iya cin ful, dafaffen waken Masar, da abokai sai ya ce "a ilmance". (Har tabarau na saya, ba likitan da ya ce in sa.)

Sai kuma ga Safiya. Bahausar Sudan ce, tana aiki a wani kantin magani kusa da mu. Na je sayen maganin mura, na ji ta amsa waya da Hausa, to daga ranar murar nan ba ta sake warkewa ba. Yaƙi ne ya koro su daga Omdurman, ita da kakarta ta wajen uba, da ƙanen mahaifinta, Ammi Usman. Mahaifinta ya rasu tun tana ƙarama, don haka Ammi Usman ne waliyyinta. Amma tun farko ta gaya mini yadda gidansu yake: Ammi Usman ne zai ba da aure, Habboba ce za ta ce a bayar. Habboba, haka suke kiran kaka. In ta ce a'a, magana ta mutu, ba mai sake tayar da ita.

Ranar da na fara zuwa gaisuwa na tarar da wata 'yar ƙaramar tsohuwa naɗe cikin farin tob, lafayar matan Sudan, zaune a kan gado, carbi a hannu. Ta tambaye ni iyayena da garinmu, sannan ta tambayi abin da nake karantawa. Na kwashe minti goma ina bayani. Ta saurara har na gama.

"To madalla," ta ce. "Ashe kai nake nema. Kakana yana cikin takardun nan naku. Ba mu fito da komai daga Omdurman ba, ya waladi, ɗana, ko hoto ɗaya. Ina so kafin in mutu in riƙe sunansa a rubuce. Ka kawo mini shi, sannan mu yi maganar da ta kawo ka."

Ta gyara zama, ta aje carbin. "Sunansa Isa Muhammad, daga ƙasar Katsina ya taso. Shekarar da ayarinsu ya iso bakin kogi..."

Nan fa na yi abin da har gobe nake jin nauyinsa. Na ɗaga mata hannu. Ni, ɗan shekara ashirin da tara, na ɗaga wa tsohuwar da ta haura tamanin hannu a cikin ɗakinta.

"Habboba, ki yi haƙuri, ki riƙe labarin tukuna. Mu masu bincike ba ma son labarin baka ya riga mu shiga takarda, yakan karkatar da mutum. Ki ba ni sunansa kawai, da garin da ya zauna, da kamanninsa. Sauran, takarda za ta faɗa."

Ammi Usman ya ɗaga kai yana kallon fanka. Safiya, da ta shigo da tiren shayi, ta tsaya cak a bakin ƙofa. Ni kuwa na ɗauka burge su na yi.

"Kwayyis, da kyau," in ji Habboba. Ta faɗi sunan wani gari a bakin kogi. Ta ce dogo ne, yana da tsaga uku-uku a kumatu, da bille a hagu, kuma ƙaramin yatsansa na dama gutsure yake. "Da shi nake wasa in ya ɗora ni a cinya." Sannan ta juya wajen jikarta. "Ke kuma kada ki gaya masa komai. Kin dai ji, takarda za ta faɗa."

Bari in ɗan yi wa mai karatu bayanin takardun nan. A cikin abin da ya rage na wancan zamanin akwai manyan rajistoci iri biyu da suka shafi mutanenmu. Ɗaya ta waɗanda suka zo da ƙafarsu aka ba su wurin zama. Ita wannan ba ta da yawan magana: suna, sana'a, dabbobi nawa, an ba shi fili a wuri kaza. Ɗayar kuma ta fursunoni ce, kuma ita ce mai surutu. Da yake ana tsoron fursuna ya gudu, sai magatakarda ya zauna ya siffanta shi tun daga kai har ƙafa, tsawonsa, tsagarsa, tabon da ke jikinsa. Mutumin kirki layi ɗaya yake samu, mai laifi rabin shafi. Ba a barin a ɗauki hoto, da fensir ake kwafa.

Sati uku ina buɗe kwalaye. Ranar wata Litinin, wajen azahar, na ci karo da shi a rajistar masu zaman kansu, a daidai garin da Habboba ta faɗa: Isa Muhammad, Takruri (haka suke rubuta duk wanda ya fito daga wajenmu), falke, jakuna shida, an ba shi fili kusa da kasuwa. Na yi hamdala a fili har ma'aikaciyar ɗakin ta harare ni. Na kwafe shi tsaf a sabon shafi. A raina har na fara zaɓen shaddar ɗaurin aure.

Da na tashi a lokacin, da na ci gaba da zama jahili mai kwanciyar hankali. Amma a ƙasan kwalin akwai rajistar gidan yarin yankin, kuma saura awa guda a rufe. Na ce bari in leƙa don cika aiki.

A tsakiyar littafin na gan shi. Isa Muhammad, Takruri. Lamba ɗari huɗu da goma sha bakwai. Dogo. Tsaga uku a kowane kunci, da wata guda a karkace gefen hanci ta hagu. Ƙaramin yatsan hannun dama babu rabinsa. Laifi: satar kwale-kwalen gwamnati. Hukunci: shekara uku da aiki mai tsanani.

Na karanta sau uku ina fata yatsan ya koma hannun hagu. Bai koma ba. Na juya shafin da na rubuta mai jakuna, na kwafe wannan a bayansa, ina danna fensir da ƙarfi kamar shi ya yi mini laifi.

A cikin mikrobas, ƙaramar motar haya, a hanyar komawa gida, na buɗe kotu a kaina. Na ce wa kaina: tsohuwar da ta rasa gida, ta rasa gari, ta yaya zan je in ce mata kakanta ɓarawo ne? Ai rashin imani ne. Na ce kuma: sunan ɗaya ne, garin ɗaya ne, wa ya san ko mutum ɗaya ne aka rubuta sau biyu? (Na sani sarai ba haka ba ne. Lokacin da ɗaya yake karɓar fili, ɗayan yana fasa dutse.) Gaskiyar da ban faɗa wa kaina ba ita ce, ba Habboba nake tausayi ba, kaina nake tausayi. Na tabbata duk wanda ya shiga gidan da yake neman aure ya kira kakansu ɓarawo, to ya yi sallama da gidan. Kafin mu iso Hayyul Ashir na yanke hukunci: mai jakuna zan kai.

Da yamma Safiya ta kira. "Ka same shi?"

"Na same shi."

Ta yi dariya. "Ka sha mamaki ko? Na so in ga fuskarka lokacin da ka karanta."

Na ce ai kuwa na sha mamaki. Na aje waya ina tunanin mene ne abin mamaki a jakuna shida. Abin ya ɗan tsaya mini a rai, amma na kore shi. Kwana huɗun nan ban ci abincin kirki ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar na sayi tiren basbusa, wani kek ɗinsu mai zaƙi, na sa tabarau, na hau tuk-tuk, adaidaita sahun can, zuwa gidansu. Na zaci mu huɗu ne. Tun daga matakala na ga takalma jere har hawa na biyu. Habboba ta gayyato duk Hausawan Sudan da ta sani a unguwar. Maza sun cika falo, mata sun cika ɗakin ciki sun ɗage labule, turaren wuta ya turnuƙe ko'ina. Ita kuma an fito da ita an zaunar a kujera, ta sha sabon tob. Aka nuna mini wuri a tsakiya, Ammi Usman ya zauna dab da ni, kafaɗarsa na gogar tawa.

"Ga Ustaz ɗin da ya samo mana Baba Isa," ya ce wa jama'a. Aka yi ta sa mini albarka. Wani dattijo mai farin rawani ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ƙi saki. Aka zuba mini jabana a ɗan finjali, na kasa sha.

Na buɗe littafin a kan gwiwata. Sai a lokacin na lura rubutun baya ya ɓullo ta cikin takardar, saboda yadda na danna fensirin. Duk wanda ya sunkuyo zai ga akwai wani abu a can. Na ɗora babban yatsana a kan wurin, na fara karatu da muryar lacca. Na faɗi sunan, na faɗi garin. Aka yi kabbara ƙasa-ƙasa. Na ce falke ne, mai jakuna shida, hukuma da kanta ta ba shi fili kusa da kasuwa.

Falon ya yi tsit. Ni da wautata na ɗauka jiran ƙari suke, sai na ƙara musu daga aljihuna.

"Takardu sun nuna mutum ne mai mutunci, mai bin doka. Tunda ya zo har ya koma ga Allah bai taɓa shiga hannun hukuma ba."

Na ji ƙarar finjalin Ammi Usman a kan tire. Dattijon mai rawani ya sunkuyar da kai. A bakin labule na hango Safiya, ta toshe baki da mayafinta, idonta a kaina.

"Jakuna nawa ka ce?" in ji Habboba. Muryarta a kwance.

"Shida, Habboba."

"Bakwai ne. Ɗaya yakan ɓoye shi a bayan gari in masu ƙidaya za su zo." Ta ja carbi ɗaya. "Mun san shi. Isa mai jakuna. Duk wanda ke ɗakin nan ya san shi. Shi ne ya tafi da ƙafarsa ya gaya wa Bature inda kakana ya ɓoye kwale-kwale. Filin da ka ce an ba shi kusa da kasuwa, ladan aikin ke nan."

Ban san inda zan sa idona ba. Tabarau ya yi gumi, ya fara zamewa.

"Ya waladi," ta ci gaba, "na tara mutanena, na yi sabon tob, ka zo ka mai da ni jikar wanda ya ci amanar kakana."

Daga waje ana jin mai sayar da gas yana buga tukunyarsa, kuma wallahi na yi fatan ni ne shi.

"Amma wataƙila ba laifinka ba ne," ta ce. "Gaya mini. Shi kaɗai ka gani a takardun? Babu wani Isa?"

Ga ƙofa ta buɗe mini. In na ce shi kaɗai na gani, zan fita a matsayin ɗalibin da bai iya aiki ba, kuma ana yafe wa wannan. In na ce akwai wani, na tabbatar wa mutum talatin cewa da gangan na yi musu ƙarya. Yatsana yana kan takardar, ina jin tudun rubutun baya a ƙarƙashinsa. Ammi Usman ya sunkuyo kaɗan, ban sani ba ko ya gani. Na dubi Safiya. Ba ta yi mini alama ko ɗaya ba, kallona kawai take, irin kallon da take wa takardar likita in tana shakkar rubutun.

"Akwai," na ce. Muryar lacca ta gudu, wata 'yar siririya ce ta fito. "Akwai wani. Na san shi ne naku. Na ɓoye shi."

"Karanta."

Na juya shafin. Na karanta sunan. Na ce, "Lamba ɗari huɗu..."

"Da goma sha bakwai," in ji Habboba, tare da Ammi Usman, tare da wasu muryoyi daga bayan labule.

Na karanta tsagar, na karanta billen. Da na zo kan yatsan sai ta kama nata ƙaramin yatsan ta riƙe. Na tsaya kafin laifin, ta ce in ci gaba. Na ce satar kwale-kwalen gwamnati, shekara uku da aiki mai tsanani. Abin mamaki, nan ne aka yi kabbarar gaske, har wata mata ta rangaɗa guɗa a ɗakin ciki.

Sai a lokacin na ji labarin da na hana a ba ni. A taƙaice ta faɗe shi, don ni kaɗai ne ban san shi ba. Ayarin alhazai ya iso bakin kogi, hukuma ta hana su ƙetarewa, aka bar su a fili makonni, zazzaɓi yana ɗibar yara. Abinci da magani suna ɗaya gaɓar. Baba Isa ya kwance kwale-kwalen hukuma, ya yi ta jigila har ya ƙetare da su duka, sannan ya tura shi cikin ciyawa ya ɓoye. Dattijon mai rawani ya ɗaga kai ya ce kakarsa tana cikin kwale-kwalen nan, goye a bayan uwarta. Da aka sako Baba Isa ya fito da ɗan faifan ƙarfen da ake rataya wa fursuna a wuya, mai lambarsa. Gidan suka adana shi, ana nuna wa kowane yaro in ya yi wayo. Yana cikin wani gwangwani a ƙarƙashin gadon Habboba ranar da suka gudu daga Omdurman, a can aka baro shi.

"Faifan nan nake so ka maye mini da takarda," ta ce. "Me ya sa ka ɓoye kakana?"

"Na ji tsoron kada ki ji kunya, Habboba."

"A'a. Kai dai ka ji kunyarsa. Mu da shi muke ado." Ta miƙo hannu. "Yage mini."

Na yage shafin na ba ta. Ba ta iya karanta boko ba, amma ta shafa rubutun da yatsa, ta daɗe tana shafawa, hawaye na bin kuncinta. Sannan ta juya takardar ta ga rubutu a ɗaya gefen, ta tambayi na wane ne. Na ce na mai jakuna ne.

"Ka gani ko, Usman," ta ce. "Ko a takarda yana manne a bayansa."

Aka yi dariya, ban da ni. Ni jira nake in ji hukuncina, kuma na riga na fara tunanin wane kantin magani zan koma. Ammi Usman ne ya taimake ni ya tambayi mahaifiyarsa. "Yumma, maganar Ustaz fa?"

Ta ninke takardar ta sa a cikin tob ɗinta.

"Ya yi ƙarya," ta ce. "Amma na ba shi hanyar ƙara wata, bai bi ba. Takarda ta faɗi nata, saura nawa. Kowace Juma'a ya zo ya zauna nan, in ba shi labarin tun daga Katsina. Ya bar littafi a gida, ya bar gilashin nan, ya zauna a kan hannuwansa. Ranar da na gama, sai mu ga."

Juma'a bakwai ta ɗauka, kuma na tabbata da gangan ta riƙa jan ayarin, don sati biyu cur muka yi ba mu bar Borno ba. Ban ce uffan ba sai "na'am, Habboba". A ta bakwai, bayan an sako Baba Isa daga gidan yari, ta dubi Ammi Usman ta ce ya sa rana.

Takardar tana nan a falonmu cikin firam, gefen fursuna a waje, mai jakuna yana kallon bango. Amma sunan ya bi ni. Har yau a Arba wa Nus ba wanda ke ce mini Ustaz, sai "na mai jakuna". Da Allah ya ba mu ɗa namiji na raɗa masa suna Isa, ina ganin na wanke kaina. Liman na gama sanarwa, Ammi Usman ya ɗaga murya a gaban jama'a ya ce, "A tambayi uban yaron, wanne daga ciki?"

Abin da na koya bai kai a rubuta a kundin digiri ba. Har yanzu ina son takarda, da ita nake ci. Amma in tsohuwa ta aje carbi ta gyara zama, to hannuna yana cikin aljihu har sai ta gama.